Takalmin Aro

An buɗe baje koli a wata ƙasar waje, amma akwatin samfurin da wani mai ɗinkin takalma da ƙanensa suka taso da shi daga gida bai iso daga filin jirgi ba.

"Yaya, mu koma masauki kafin mu sha kunya," in ji ƙanensa.

 Mai ɗinkin takalman ya cire na ƙafarsa, ya goge, ya ɗora a tebur, ya tsaya da safa.

Wani dattijo mai shaguna a ƙasar ya zo yana ɗingishi. Ya gwada, ya taka, ya ɓace cikin jama'a.

"Shi ke nan, an yi gaba da shi!" in ji ƙanen.

"Kwantar da hankalinka. Ƙafarsa za ta dawo da shi."

Da yamma kuwa sai ga dattijon. Ya ce shi fa ba zai cire ba, sai dai su je cin gasasshen kifin garinsu a yi maganar ciniki. Ya miƙo wa mai ɗinkin nasa takalmin mai sheƙi.

Suka bi titi, itatuwa sun fara fure bayan sanyi. Takalmin aron yana cizon yatsunsa, shi kuwa sai murmushi.

"Yaya, ba ciwo?"

"Sosai ma. In irin wannan masu kuɗinsu ke sawa, ai ƙasar nan duk kasuwarmu ce."