Mai Wankin Hula da Muryar Ubansa

Wani mai wankin hula ne ya shigo majalisar bakin tasha da hantsi, ya ajiye sabuwar waya a kan benci, ya ce daga yau ya fita sahun talakawa. Ayifon ce, ta hannu, ya yo musayarta a birni: ya ba da tsohuwar Andirod ɗinsa mai tsagaggen gilashi, ya ɗora tumakinsa biyu a kai. Ya ce wannan ko rijiya ta faɗa ba a yi asara ba, don duk abin da ke cikinta a sama take ajiye shi, can inda gara ba ta kaiwa. Kuma a faɗi gaskiya, wayar ta yi. In ta ɗauki hoton hula sai ka ƙirga zaren ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta sandarewa ana tsakiyar magana. Ɓarawo kuwa in ya sace ta, dutse ya sata, ba za ta buɗe masa ba. Sauran 'yan bencin, waɗanda duk mutanen Andirod ne, suka taso masa: tamu tana cin layi biyu, tana cin memori, in ta mutu kowane mai gyara a gindin bishiya zai tashe ta, caja kuwa ko a gidan makoki ka aro. Taka fa? Ranar da ka manta igiyarta a gida, da gawa za ka wuni a aljihu. Ko waƙa ba ta karɓa daga hannun maƙwabci. Shi kuma ya ce taku da ta shekara biyu sai ta koma jakin da ya sha kaya, talla na faɗo muku kamar ƙudan damina, in kun ɗauki hoto kowa ya fito kamar yau aka tono shi. Kowa da gaskiyarsa, amma bakinsa ya fi na kowa tsawo.

To, a cikin waccan tsohuwar wayar akwai wata magana ta minti huɗu. Shekara uku baya, ubansa na kwance ciwon ajali, sai maƙwabcin gonarsu ta fadama, shi ma tsoho tukuf, ya zo dubiya. Tsofaffin nan biyu suka faɗa da bakinsu cewa iyakar gona tana kan tsohuwar rijiya, ba a gindin giginya ba. Mai wankin hula ya danna, ya ɗauki muryarsu, ta zauna a kan memorin wayar. Yanzu dukansu ƙasa ta rufe musu ido. Tsakanin giginya da rijiyar nan kuwa, nan ne ƙasa mai damshi, nan ake samun albasar da ke riƙe gidansu har ruwa ya sauka. Ƙanwarsa ta sha roƙonsa ya tura mata, ba don gona ba, don ta riƙa jin Baba. Andirod gare ta, bulutut kawai zai kunna. Kullum sai ya ce sai an jima. So yake a ce shi kaɗai ke riƙe da hujjar gida, a riƙa gaishe shi da ita. Ranar musaya mai shago ya kwashe masa lambobi da hotuna, ya ce komai ya hau. Da ya ga sabuwar ba ta da ramin sa memori, sai ya ɗauka zamanin memori ne ya wuce. Ya bar shi a cikin tsohuwar, ya fito yana murmushi, kamar wanda ya sayar da buhu bai zazzage ba.

Da aka fara shirin noman rani, ɗan maƙwabcin ya zo ya kafa turakunsa a gindin giginya. Magana ta kai gaban dagaci. Mai wankin hula ya ɗora hular da ta fi kowacce kyau, wadda ma ba tasa ba ce, ta wani mai kawo wanki ce, ya gayyato 'yan benci su zo su ga aikin waya. Zaure ya cika. Dagaci ya ce, "Malam, an ce maganar iyayenku tana hannunka. Kunna mana mu ji." Ya shafa gilashi, hotuna suka fito. Hula. Ya ƙara shafawa. Hula, hula, sai shi kansa yana cin tsire. Ya ce tana sama, a ba shi minti biyu ta sauko, ya ɗaga wayar yana juyawa da ita. Wani ɗan benci ya ce, "Ko a kawo maka tsani ne?" Mutum biyu suka fara dariya, suka haɗiye ta, don sun hango ƙanwarsa tsaye a bakin zaure. Wani malamin makaranta ya karɓi wayar, ya bincika ta ciki da bai, ya ce sama ba ta ajiye abin da ba a miƙa mata ba, ina memorin? Nan gumi ya karyo masa ta ƙarƙashin hular mutane. Aka buga wa mai shago a gaban kowa. Ya ce ai tuni aka goge tsohuwar wayar har da memorinta, aka sayar wa wani matafiyi, ko sunansa bai tambaya ba. Dagaci ya ce tunda babu shaida, turaku su tsaya inda suke. Ƙanwar ta ce, "Yaya, ba zan ƙara jin Baba ba ke nan?" Ya tura wayar a aljihu, ya kwashi bakin nan da ya fi na kowa tsawo, ya sulale ya bar zauren.

In ka tambaye ni wacce ta fi tsakanin Ayifon da Andirod, ban sani ba. Na dai san Hausawa sun ce, garin neman gira an rasa ido.