Farin Bangon Baba

Ranar da aka cire kujerar ƙarshe daga silimar unguwa, direban katafila ya tarar da 'yar marigayi mai silimar tsaye gaban farin bangon da ake haska fim. Tana ƙarama, Baba yakan sa hannu cikin hasken inji ya yi mata inuwar tsuntsu a nan. Har yau takan ga fikafikan suna motsi.

"Jibi kawuna zai zo neman aurenki," direban ya ce a hankali.

Ba ta juyo ba. "Gobe wa zai rushe bangon nan?"

Ya shiga murza makullin katafilar da ke hannunsa.

Ta juyo, ta daɗe tana kallon hannunsa.

"Ka ce wa Kawu ya yi zamansa. Ba zan iya riƙe hannun nan ba."