Kira Ɗaya Tak

Tafinta ta shigo ofishin 'yan sanda ta tarar an zaunar da wani tsoho a kan siminti. An tuɓe masa takalmi, an ƙwace akwatin dukancinsa, Saje Tsintsiya na tsaye a kansa yana hura hanci kamar shi ya haifi dokar ƙasa.

Ba a banza aka sa masa Tsintsiya ba. Duk sharar baƙi da za a yi a tasha ko kasuwa, shi ne a kan gaba. Bakinsa ba ya gajiya da faɗin cewa kaburburan kakanninsa na ƙasar nan, shi ya sa aka ba shi kaki, don ba a ba wa bare. Tafinta ta daɗe da auna shi ta ajiye: holoƙo ne, hadarin kaka.

Yau sharar ba tasa ba ce, ƙananan 'yan sanda ne suka kwaso tsohon daga bakin tasha inda yake gyaran takalma. Amma Saje ya ce shi zai riƙe maganar da kansa, kuma tsohon zai bi motar iyaka da za ta tashi kafin la'asar.

Tafinta ta durƙusa ta gai da tsohon da yarensu, sai da ta ɓata yawu kafin ta gane kunnensa na hagu ya mutu. Ta koma dama. Ya ce yaƙi ne ya koro shi, garinsu ya zama toka, wanda duk aka mayar ba ya kwana da rai. Ya nemi mafaka, an ba shi takardar jira, ruwan sama ya cinye tambarin. Tun kafin ta juya maganar, Saje ya ja tsaki ya ce ƙarya ce. Ta ce a ranta, jahili ko bai ji ba sai ya musa.

Ta miƙe ta karanto wa Saje abin da ya sani yake takewa. Ba a mayar da mai neman mafaka inda ya gudo ba tare da an saurare shi ba. Ba a sa shi dangwala yatsa a kan abin da ba a fassara masa ba. Kuma yana da kira ɗaya na waya. Hayaniyar ce ta fito da Sufeto daga ofishinsa, ya yanke a gajarce: in akwai ɗan uwa mai izinin zama da zai zo ya tsaya masa, a sake shi, in babu, mota.

Nan take Saje ya tuna wayar ofis ta lalace. Tafinta ta zaro tata.

"Baba, kana da wani a garin nan?"

"Ina da ɗa, 'yata. Babban ma'aikaci ne. Ba na so in taɓa masa hanyar abincinsa."

Haushi ya kama ta. Wane irin ɗa ne wannan, yana babban ma'aikaci ubansa na ƙonewa a rana kan takalman mutane? Ta yi lallashi, ta yi magiya, ta nuna masa motar ta taga, an fara loda mutane kamar buhunan gawayi. Tsohon ya dubi motar, ya sunkuyar da kai, ya ce Allah na nan.

Saje ya ga nasara ta kusa, sai bakinsa ya buɗe. Ya zagayo ta dama, ya duƙa daidai kunnen tsohon, ya ɗaga murya da harshen ƙasa yadda Sufeto zai ji. Ya ce irin waɗannan ba su da kowa, tsintacciyar mage ce, tsohon banza marar asali, wanda ko ya haihu ɗan ma ba zai amsa sunansa ba.

Tsohon ya tambaye ta me ya ce. Ta so ta haɗiye, amma aikinta bai yarda ta rage ko ta ƙara ba. Ta juya masa maganar kaf, har da marar asalin.

Tsohon ya goge ido da bakin rigarsa. Sannan ya fara faɗo lamba da ka, a hankali, ba gargada. Saje ya ce yana da uzuri a waje, Sufeto ya ce ya tsaya, ai shi ya ce zai riƙe maganar. Tafinta ta danna, ta kara wayar a kunnen tsohon.

"Ba zai ɗauka ba, 'yata," in ji shi. "Yana bakin aiki."

Sai ga waya ta fara ruri a aljihun kakin Saje Tsintsiya.