A Gabana Ta Riƙe Hannunsa

A gabana ta riƙe hannunsa, har da murmushi!

Tun da ta gama digiri ta zo makarantar nan koyon aikin malanta, na zama saniyar ware. Wai dokar horon ce, a wajen aiki ba sani ba sabo. To, shi fa? Jiya sau uku ta yabe shi, ni ko kallo ban ishe ta ba.

Yau kuma, a gaban malamar da ke duba koyarwarta, ta sunkuya kusa da shi ta ce, "Yauwa, nawan!"

Nawan? Ni kaɗai take kira haka a gida!

Na wurgar da fensirina, na ture shi daga kan benci.

"Je ka nemi taka! Wannan mamata ce!"