Kunnen Ɗan Ladan

Ɗan nan, ka ce jaririnka ya daina kuka tun da ruwa ya fara fita daga kunnensa, har kun ajiye maganin. Gyara zama in ba ka misali, don ni ba na son in ga ana murna a inda ya kamata a tashi tsaye.

An yi wani ladan a wani gari, mai murya irin wadda in ya kira salla har manoman fadama suna ajiye fartanya. Sai da furfura ta fara fito masa sannan Allah ya ba shi ɗa namiji. Ranar haihuwa shi da kansa ya karɓi jaririn, ya kai baki kunnensa na dama ya yi masa kiran salla a hankali, yana cewa a ransa ga magaji ya zo. Yaron bai kai ga rarrafe ba ya yi mura, bayan mura zazzaɓi, sai ga shi yana jan kunne yana tsala kuka, a ba shi nono ya kama ya saki. Uwar ta goya shi zuwa asibiti. Likita ya haska kunnen, ya ce ciwon can ciki yake, bayan dodon kunne, inda yatsa ba ya kaiwa. Ya ba da maganin sha, ya ce a ba shi har ya ƙare ko da yaron ya warware, kada a ɗiga masa komai a kunne, in kuma aka ga mugunya a dawo da shi. Ba a sha rabin kwalba ba, wata safiya aka ga mugunya a kan zanen shimfiɗa. Yaron kuwa ya yi shiru, ya sha nono ya ƙoshi, ya yi barci. Uwar ta ɗauki mayafi za ta koma asibiti, ladan ya hana ta. Ya ce, "Ciwo ya fashe ya fita, me kuma za a je nema? Wane yaro ne bai yi ciwon kunne ba?" Aka ɗora kwalbar a kan taga har maganin ya bushe a ciki. Kunnen ya ci gaba da tsiyaya, a goge da bakin zane, yau a ɗiga man ja, gobe nonon uwa. In ya ƙafe, da an yi sabuwar mura sai tsiyayar ta dawo, har ɗaya kunnen ma ya kama. Tun da babu kuka, ba wanda ya kira shi ciwo. Ba su san dodon kunnen ne ya huje ba, shi ya sa zafin ya lafa, cutar kuwa tana nan tana ci kamar gara a cikin itace.

Yaron ya tashi, ya yi tafiya. Sa'o'insa suna kiran Baba da Inna, shi sai nuni da hannu. Wasu suka ce nauyin baki ne, wasu suka ce miskilanci. Rannan da azahar ladan ya tsaya a ƙofar masallaci, ya sa yatsu a kunne ya ɗaga murya. Tattabaru suka tashi daga kan soro, masu shago suka fara jan ƙofa, yaran unguwa suka waiwayo. Ɗansa yana zaune a ƙasa dab da shi, ya ba shi baya, yana tara tsakuwa, ko ɗagowa bai yi ba. Da ƙyar ladan ya kai ƙarshen kiran. Aka kai yaron babban asibiti a birni, likitoci suka tsayar da mugunyar, suka ce za a tattala abin da ya rage na ji, amma mafi yawan wanda ya tafi ba zai dawo ba. Wallahi duk sanda na tuna abin nan sai tausayi ya kama ni. Har mutumin nan ya tsufa muryarsa tana tara gari guda a masallaci, amma ɗan cikinsa sai uban ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa rana, sannan ya san lokacin salla ya yi.

To, tashi ka ce wa mai ɗakinka ta goyo yaron, ku ɗauki kwalbar ku koma wurin likita yau, ba gobe ba. Ba banza ba magabata suka ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.