Tsohon Gidan Su Lutfi

"Tsohon gidanmu fa har yau bai tashi daga kujera ba," in ji Lutfi.

Gidan shayin Girgis ya kaure da dariya. Masu shan shisha suka ƙyafta wa juna ido, wasu suka saci kallon hoton shugaban ƙasa da ke bango. A unguwar nan ta Iskandariya, a Masar, ba mai ambaton sunan shugaban, sai dai a zaga.

Lutfi mai gyaran rediyo ne. Wata la'asar Girgis ya tambaye shi lafiyar gida, ya ba da amsa, sai kowa ya ƙyalƙyale. Tun daga ranar ake ba shi waken ful da gurasa kyauta don ya zo ya yi ta magana.

"'Ya'yana, 'ya'yana yake cewa, amma ko sunan ɗaya bai riƙe ba. Jiya ya ce zai gyara mana famfo, ruwa ya cinye gidan."

"Kai Lutfi, Allah ya shirye ka!" wani ya ce, yana share hawayen dariya.

"Wallahi gaskiya nake faɗa muku."

Nan dariyar ta ƙaru. Shi bai taɓa yin ko murmushi ba, abin da ya fi burge su ke nan. Kuma bai taɓa cin abincin a wurin ba, yakan ƙunshe shi ya wuce da sauri.

Wata Talata wasu 'yan sandan farin kaya biyu suka tare shi a bakin ƙofa. Ƙunshin ya faɗi ƙasa.

A ofis babbansu ya tambaye shi, "Wa kake nufi da tsohon?"

"Ranka ya daɗe, ku bar ni in je in dawo. In ban koma ba, tsohon nan ba zai kai labari ba."

"Au, har da barazana?" Aka rufe shi.

A gidan shayin aka riƙa kiransa jarumi, ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya san inda yake da zama, ba kuma wanda ya nema.

Sai da wari ya ishi maƙwabta suka ɓalle ƙofar ɗakin Lutfi. Suka tarar da mahaifinsa, wanda tsufa ya ɗauke wa hankali da ƙafafu, ya cika a kan kujera, fuskarsa na kallon ƙofa.