Muryar Goggo da Ƙarar Janareto

Tasi'u, na ga takardar kayan da za ka haɗa wa sabuwar kyamararka. Ga fitila, ga jaka, har da ɗan jirgin nan mai ɗauko hoto daga sama. Na duba sama, na duba ƙasa, ban ga abin ɗaukar magana ba. Kafin ka tafi kasuwa, zauna in buga maka misali, don har yau in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi.

An yi wani mai ɗaukar bidiyo, gwani ne, ba zan rage masa komai ba. Wasu maƙera suka ɗauke shi aikin naɗin sabon sarkinsu na ƙira. Su a gidansu akwai al'ada: ranar naɗi, wanda ya fi kowa shekaru zai zauna cikin tsohuwar maƙera ya jero sunayen kakanni ɗaya bayan ɗaya, da kirarin kowa, da garin da ya taso. Ba a taɓa rubuta shi ba, ba a kuma maimaita shi sai wani naɗin. Wadda ta rage da abin a kanta wata tsohuwa ce da kowa ke kira Goggo. Ta ba shekara tamanin baya, muryarta ta koma kamar ta mai raɗa. Tun ranar farko suka gaya masa ba rawani ne ya dame su ba, ba kuma yawan jama'a ba. Maganar Goggo suke so a adana musu.

Gwanin naka ya shiga kasuwa yana hura hanci. Ya zaɓi fitila mai haske kamar rana tsaka, da sanda mai ƙafa uku, da gilashin da ke jawo na nesa kusa, duk abin da in ka shigo taro da shi za a matsa maka a ce ga ƙwararre ya iso. Mai shago ya miƙo masa wani ɗan makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga, bai kai ɗan yatsa ba, tare da abin saƙalawa a kunne don mutum ya riƙa jin abin da ke shiga na'ura. Ya juya shi a tafin hannu, ya yi dariya, ya ce ai kyamararsa da kunnenta ta zo. Ya ture shi gefe ya fita.

Ranar naɗi da hantsi aka shiga maƙera. Ka san maƙera, hayaƙin shekaru ya baƙanta bango, ko da rana duhu gare ta. Fitila tana son wuta, garin kuwa ba wuta, sai ya tayar da ɗan janaretonsa. Wayar ba ta da tsawo, dole ya girke shi a bakin ƙofa, taku uku daga bayan kyamara. Goggo ta zauna kusa da uwar maƙera, ƙarfen nan da ake dukan ƙira a kai, ta fara. Wani dattijo ya yi masa nuni da hannu a kashe injin nan, shi kuwa ya girgiza kai, don in fitila ta mutu hoto ya lalace. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk jikokin nan da ke zaune ba wanda ya wahalar da kansa ya matsa kusa ya haddace ko suna biyu. Me za su yi da hadda, ga na'ura mai jan ido tana ɗauka?

Kwana biyu tsakani Allah ya yi wa Goggo rasuwa. Ranar sadakar uku, dangi na nesa da na kusa suka ce a kira mai bidiyo ya zo da abin yadda yake, ko bai gyara ba, su dai su ji muryarta. Shi kansa bai riga ya saurara ba. Ya haɗa da talabijin a tsakar gida, aka yi tsit. Hoto ya fito tar, wallahi har furfurar girarta kana iya ƙirgawa. Ga bakinta yana motsi, ga yatsarta tana nuna gabas inda kakansu na farko ya taso. Amma abin da ke fitowa, daga farko har ƙarshe, rurin janareto ne kawai. Aka ƙara murya, rurin ya ƙaru. Mata suka ɗauki salati. Wata ta manna kunnenta a jikin talabijin tana kuka. Sabon sarkin ƙira ya juyo a hankali ya dube shi, ya ce, "Malam, ga Goggo mun gani. Ina maganar?"

Mai bidiyo ya tattara kayansa ya fita. Ya kai bidiyon wurin duk wani gwanin gyaran sauti da ya sani, ba wanda ya iya tsamo ko kalma ɗaya. Yau in ka je gidan nan, suna da hoton tsohuwarsu mai kyau ƙwarai, amma ba mai iya gaya maka sunan kakan kakansa.

Saboda haka ɗauki biro, Tasi'u. Ka rubuta ɗan makirufon nan da abin kunne a saman takarda, jirgi ya biyo baya in da hali. Ba banza Hausawa suka ce ba, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.